Darasin Ƙuduji: Dalilin da Ya Sa "Ba a Gano Ba" Ba Ya Nufin An Warke

Bayan wata shida da fara shan maganin HIV, akan ɗebi jinin mutum a auna yawan ƙwayar cutar da ke yawo a cikinsa. Idan magani ya karɓe shi, takardar sakamako takan dawo da haruffa uku, TND, ko da lambar da ta gaza 20 ko 50 a kowace mililita, gwargwadon na'urar da aka yi amfani da ita. Ma'aikacin lafiya kan fassara masa da Hausa cewa ba a gano ƙwayar cutar a jininsa ba. Wannan albishir ne na gaske. Mai irin wannan sakamako, muddin ya ɗore a kai, ba ya sa wa abokin zamansa cutar ta hanyar saduwa, kamar yadda binciken PARTNER ya nuna a 2016 da 2019, kuma yana iya yin noma da kasuwanci da aure kamar kowa.

Sai dai kunnen Bahaushe yana jin wani abu dabam a cikin jumlar. Wanda aka ce ba a ga ƙwayar zazzabin cizon sauro a jininsa ba, ya warke, kuma ba wanda zai ce ya ci gaba da shan magani. Idan aka faɗa wa mai HIV irin wannan jumla aka yi shiru, an bar shi ya kammala lissafin da kansa, kuma lissafin da hankali zai ba shi kuskure ne mai iya kashe shi. Dalilin kuskuren yana cikin wani fanni da ake gani kamar na ɗakunan bincike ne kawai: yadda sinadaran furotin na jikin ɗan Adam ke buɗewa da rufe karatun umarnin gadon HIV. Ya kamata wannan ilimi ya sauko zuwa ɗakin karɓar magani a Birnin Kudu da ƙauyukan Gwaram, da Hausa, domin shi ne kaɗai bayanin da ke sa shan magani har ƙarshen rai ya zama abin da hankali ya yarda da shi.

Kundi da magatakarda

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta. A tsakiyar kusan kowacce akwai kundin gado da ake kira DNA, mai haruffa kusan biliyan 3 da babi wajen 20,000, kowane babi ɗauke da umarnin haɗa wani furotin. Furotin su ne ma'aikatan ƙwayar halitta: wasu gini suke yi, wasu aike, wasu gadi. Kundin ba ya fita daga ɗakinsa. Idan ana buƙatar wani babi, sai wani furotin mai suna RNA polymerase II, wanda za a iya kiransa magatakarda, ya bi babin harafi bayan harafi ya kwafe shi a wata takardar wucin gadi mai suna RNA, a fita da ita a yi aiki.

HIV, wadda Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka gano a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris a 1983, matalauciya ce idan aka kwatanta. Haruffanta kusan 9,700 ne, babinta 9 kacal, kuma ba ta da magatakarda nata. Abin da take zuwa da shi kayan aikin kutse ne. Idan ta shiga ƙwayar garkuwar jiki mai suna CD4, sai ta juya umarninta daga RNA zuwa DNA, ta tsaga kundin mai gida, ta ɗinke shafukanta a ciki. Daga nan shafukan sun zama ɓangaren kundi. Duk ranar da ƙwayar ta rabu gida biyu, kowane ɓangare zai gaji kwafinsu.

A nan ne ya kamata a fahimci aikin maganin da yawancin manya ke sha a Najeriya a yau, wato TLD, haɗin magunguna uku a ƙwaya guda. Tenofovir da lamivudine suna hana juya RNA zuwa DNA. Dolutegravir yana hana ɗinkin. Dukansu masu gadin ƙofa ne, suna hana cutar kama sababbin ƙwayoyi. Babu ɗaya daga cikinsu da ke shiga kundin ƙwayar da aka riga aka kama ya yage shafukan, kuma babu wanda ke hana magatakarda karanta su. Wannan hukunci yana hannun furotin ɗin mai gida.

Makullai uku

Makulli na farko shi ne naɗi. Idan aka miƙe DNA na ƙwaya guda, tsawonsa ya kai kusan mita 2, saboda haka a nannaɗe yake a jikin wasu furotin da ake kira histone, kamar zare a jikin mazari. Inda naɗin ya yi tsauri, magatakarda ba ya iya karatu. A 1993 Eric Verdin da abokan aikinsa suka nuna cewa akwai irin wannan mazari da ke zama daidai bakin farkon shafukan HIV. Wasu furotin na jiki, dangin HDAC, suna ƙara ɗaure shi, wasu kuma irin su p300 suna sassauta shi. Duka ɓangarorin biyu aikinsu na yau da kullum suke yi, irin wanda suke yi wa dubban babukan mutum.

Makulli na biyu shi ne shela. A 1986 Ranjan Sen da David Baltimore suka gano wani furotin mai suna NF-κB, wanda shi ne mai shelar yaƙi na garkuwar jiki. A lokacin zaman lafiya, wani furotin mai suna IκB yana riƙe da shi a wajen ɗakin kundi. Da zarar ƙwayar garkuwa ta ji alamar maƙiyi, sai a sake shi ya shiga ya buɗe babukan kare kai. Shekara guda bayan haka, a 1987, Gary Nabel da Baltimore suka nuna cewa a goshin shafukan HIV, wurin da ake kira LTR, akwai mazaunin da aka tanada daidai da siffar NF-κB. A gefensa akwai mazaunai uku na wani furotin mai suna Sp1. Ma'anar wannan ita ce, kiran da ke tayar da sojan jiki don ya yi yaƙi shi ne ke tayar da cutar da ke kwance a cikinsa.

Makulli na uku ya fi sauran ban mamaki. Ko an sassauta naɗi, an yi shela, magatakarda ya fara kwafa, yakan tsaya cak bayan haruffa kusan 60, domin wasu furotin biyu, NELF da DSIF, suna riƙe masa hannu. Haka suke yi a babukan mutum da yawa, don kada a kwafi abin da ba a buƙata. Mai ba da izinin wucewa shi ne P-TEFb, haɗin furotin biyu, CDK9 da cyclin T1. A ƙwayar CD4 da ke hutawa, cyclin T1 kaɗan ne ƙwarai, kuma jiki yana da wani ma'aji, na 7SK da HEXIM1, inda yake tsare P-TEFb har sai an buƙace shi.

Dabarar HIV a nan furotin ɗinta ne mai suna Tat, wanda aka gano a 1985. Tat yakan fizgo P-TEFb ya kai shi kan ɗan guntun RNA ɗin da magatakarda ya riga ya rubuta kafin ya tsaya, wanda ke lanƙwashewa kamar ƙugiya, ana kiransa TAR. Nan take sai a saki hannun magatakarda, kwafa ta ninka kusan sau ɗari, a samu ƙarin Tat, shi kuma ya ƙara jawo P-TEFb. Amma Tat na farko ba ya samuwa sai ƙwayar mai gida ta bar wasu 'yan kwafi sun wuce, kuma Tat ba ya tsinana komai idan babu cyclin T1, abokin aikin da ɗakin binciken Katherine Jones a Cibiyar Salk ta Amurka ya bayyana a 1998. Ɓera ma yana da nasa cyclin T1, amma Tat ba ya iya aiki da shi yadda ya kamata, kuma abin da ya jawo haka bambancin tubali guda ne a gurbi na 261. Dogaron HIV ga kayan aikin ɗan Adam ya kai wannan matsayi.

Barcin da ya fi tsawon rai

Garkuwar jiki tana da hadda. Bayan kowane yaƙi, yawancin ƙwayoyin CD4 da suka fita fage sukan mutu, kaɗan kuma su koma hutu su zama masu tuna maƙiyi, su rayu shekaru. Da su ne rigakafin ƙyanda da aka yi wa yaro ke kare shi har girmansa. Idan HIV ta kama ƙwaya a daidai lokacin da take komawa hutu, sai makullan nan uku su rufe a kanta: naɗi ya tsananta, NF-κB ya koma waje, cyclin T1 ya ragu. Shafukan suna nan, ba a karanta su. Garkuwar jiki ba ta ganin ƙwayar a matsayin mai cuta, domin ba ta fitar da komai, magani kuma ba shi da abin da zai tare.

A 1997 ƙungiyoyin bincike uku a Amurka, na Robert Siliciano a Jami'ar Johns Hopkins, na Douglas Richman a San Diego, da na Tae-Wook Chun da Anthony Fauci, suka tabbatar da wannan maɓoya a jikin mutanen da magani ya danne cutar a jininsu. Yawanta kusan ƙwaya 1 ce a cikin kowace miliyan ta ƙwayoyin CD4 masu hutu. A 2003 ɗakin binciken Siliciano ya auna saurin raguwarta: tana ɗaukar wata 44 kafin ta ragu da rabi, wato ana buƙatar kusan shekara 73 ana shan magani ba fashi kafin ta ƙare. A kowane lokaci wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi suna farkawa su fitar da cutar. Idan magani yana cikin jini, abin da suka fitar ba ya samun wurin sauka. Idan babu, ga yawancin mutane cutar takan dawo cikin jini a mako biyu zuwa huɗu.

An gwada dakatar da magani, kuma an ga sakamako. Binciken SMART, mai mutum 5,472 a ƙasashe da dama, ya kwatanta masu sha ba fashi da masu hutawa idan garkuwarsu ta yi ƙarfi. An dakatar da shi a Janairun 2006, domin haɗarin rashin lafiya mai tsanani ko mutuwa ya ninka fiye da sau biyu a wajen masu hutawa. Akwai kuma jaririyar jihar Mississippi da aka haifa a 2010, aka fara ba ta magani tana da awa 30 a duniya, aka daina tana da wata 18. Ta yi wata 27 ba a gano cutar a jininta ba, har duniya ta fara murna, sai a 2014 cutar ta dawo.

Tayarwa ko kullewa

Masana sun bi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a tayar da cutar da gangan yayin da magani ke gadi, don garkuwar jiki ta ga ƙwayoyin da ke ɓoye da ita ta kashe su. A 2012 David Margolis da Nancie Archin na Jami'ar North Carolina suka ba wasu marasa lafiya vorinostat, maganin kansa da ke hana HDAC aiki, kuma kwafar shafukan HIV ta ƙaru. Amma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su rage maɓoyar yadda za a iya ajiye magani ba. Hanya ta biyu ita ce a ƙara wa makullan ƙarfi har cutar ta kasa farkawa. Susana Valente ta Cibiyar Scripps ta gwada wani sinadari mai toshe Tat, kuma a 2017 ya jinkirta dawowar cutar a jikin ɓerayen gwaji. A 2020 Xu Yu ta Cibiyar Ragon ta nuna cewa a jikin 'yan tsirarun mutanen da ke danne cutar ba tare da magani ba, waɗanda ba su kai 1 cikin 100 ba, shafukan HIV sukan kasance a sassan kundin da ba a cika buɗewa ba.

Abin da ya sa hanyoyin biyu ke da wuya abu guda ne: makullan na jiki ne. Wanda ya toshe NF-κB gaba ɗaya ya kashe shelar garkuwar jiki, wanda ya toshe CDK9 ya tsayar da kwafar babukan da rai ya dogara da su. 'Yan mutanen da aka tabbatar sun warke, irin su Timothy Ray Brown da aka yi wa dashen ƙwayoyin ɓargo a Berlin a 2007, an yi musu ne saboda kansar jini, ta hanyar rushe garkuwarsu a maye ta da ta wani. Aiki ne mai haɗarin rai da ba a yi wa mai lafiya.

Inda cutar ta yi ƙaranci

Binciken ƙasa na NAIIS da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV. Jigawa da Katsina ne a ƙasan jeri da kashi 0.3, yayin da Akwa Ibom ta haura kashi 5. Abin godiya ne, amma yana da nasa nauyi. Ƙaramar hukumar Birnin Kudu tana da mutum sama da 300,000 a ƙidayar 2006, Gwaram kuma sama da 270,000. Uku cikin dubu na manyan da ke cikin wannan jama'a ɗaruruwan mutane ne, warwatse a ƙauyuka, inda da wuya ɗaya ya san ɗaya. Wanda ke zaune inda cutar ta yi yawa yana da maƙwabcin da ya shekara goma sha biyar yana shan magani, ya kuma ga abin da ya faru da wanda ya daina. Mutumin ƙauyen Gwaram da ke shiga mota zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, yana fakewa da wani uzuri don kada a sani, ba shi da wannan madubi. Abin da yake da shi jikinsa ne da ya murmure, da takardar da ta ce ba a gano ba, da kuɗin motar da ke ƙaruwa. Idan kaka ta wuce ya tafi cin rani Kano ko Legas, maganin ya ƙare a can, komai na gaya masa cewa ba wata matsala.

Makulli na biyu yana da ma'ana ta musamman a wannan yanki. Tarin fuka da zazzabin cizon sauro suna sa jiki ya fitar da sinadaran shela irin su TNF, waɗanda tun 1989 aka nuna suna tayar da HIV ta hanyar NF-κB. Wani bincike a Malawi da aka wallafa a 2005 ya gano cewa a jikin waɗanda ba sa shan maganin HIV, zazzabin cizon sauro yana ɗaga yawan cutar a jini, kuma takan ɗauki makonni kafin ta sauka. Wanda ya ajiye magani a rani, damina za ta same shi da sauro ba mai gadi a ƙofa.

Abin da manomi ya riga ya sani

Akwai masu ganin cewa wannan bayani ya fi ƙarfin ɗakin karɓar magani. Ma'aikaci guda ne da dogon layi, in ji su, kuma gaya wa mutum cewa cutar na nan har abada yana iya karya masa zuciya, don haka ya isa a ce masa kada ya daina. Damuwarsu tana da tushe, amma umarnin da ba a faɗi dalilinsa ba yakan faɗi a ranar da ya ci karo da hujja, kuma jiki mai lafiya hujja ce mai ƙarfi. Ba kuma sunayen furotin ake so manomi ya haddace ba. Hoton abin ake so ya gani, kuma hoton yana cikin gonarsa.

Duk mai noman dawa da gero a kudancin Jigawa ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, yana kwance a ƙasa sama da shekara goma ba ya tsirowa. Ruwan sama kaɗai ba ya tayar da shi. Sai saiwar dawa ta fitar da wani sinadari nata, don amfanin kanta, sannan irin ya ji ya tsiro ya maƙale mata. Manomin da ya cire ƙuduji har gona ta yi fes ba ya cewa ya rabu da shi, domin ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Wannan bayani ba ya cin minti biyu, kuma ya ƙunshi gaskiyar abin da Nabel da Jones da Siliciano suka gano.

Shi ne kuma garkuwa daga masu iƙirarin warkarwa. Hujjar da suka fi kawowa ita ce an gwada mutum bayan ya sha nasu maganin ba a ga komai ba. Wanda ya fahimci maɓoya ya san cewa gwajin da aka yi kwanaki kaɗan bayan ajiye TLD aikin TLD yake nunawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ba da shawarar a sake yi wa mai shan magani gwajin gaggawa ba, domin yana iya ba da sakamakon ƙarya. A Janairun 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi shelar cewa yana warkar da cutar da haɗin ganyaye, aka sa marasa lafiya suka ajiye magungunansu, wasu suka mutu, waɗanda suka tsira suka kai shi ƙara a 2018. Addu'a da tawakkali ba sa karo da ƙwayar da ake haɗiya sau ɗaya a yini, wadda mai azumi ke iya sha bayan buɗa baki. Limamai da malaman da jama'a ke kai wa damuwarsu sun cancanci a zauna da su a yi musu wannan bayani dalla-dalla, domin sau da yawa su ake fara tambaya.

Nauyin da ke kan hukuma

Idan cutar na dawowa cikin makonni, to yankewar magani na wata guda ba ƙaramin tsaiko ba ne. Najeriya ta mayar da maganin kyauta a 2006, amma kaso mai yawa na kuɗinsa daga waje yake zuwa, musamman shirin PEPFAR na Amurka da Asusun Duniya na yaƙi da HIV da tarin fuka da zazzabin cizon sauro. A ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, kuma a watan Fabrairu Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani. Jihar da adadinta ya yi ƙasa ita ce ta fi sauƙin mantawa idan ana rabon abin da ya rage, ita ce kuma ta fi iya ɗaukar nauyin nata marasa lafiya, domin ba su da yawa. Ya kamata kasafin Jigawa ya tanadi kuɗin ajiya na magani da na gwajin jini, a tabbatar mai tafiya cin rani ya samu maganin wata shida da takardar da zai nuna a duk asibitin da ya je, a kuma haɗa masa da gidan sauro da maganin rigakafin tarin fuka.

Gyaran da ya fi araha kuwa na harshe ne. Kada a ƙara faɗa wa kowa rabin jumla. Ma'aikacin da ya miƙa takardar TND a Birnin Kudu ya ce: "Baba, magani ya share ta daga jininka, ba za ka sa wa iyalinka ba muddin kana sha. Amma irinta na kwance a jiki kamar na ƙuduji, ranar da ka daina zai tsiro." Ɗaliban aikin jinya su koyi faɗinta haka, gidajen rediyo su maimaita ta, kuma duk ɗan boko da wani ɗan uwa ya nuna wa irin wannan takarda a ɓoye ya san rabin da ba a rubuta a jikinta ba.